Sintirin Dare a Moduganari: A Kama, A Miƙa, Kada A Yanke Hukunci

(Jawabin da kwamitin tsaro na ƙungiyarmu ya gabatar a babban taron 'yan ƙungiya)



Shugaban wannan taro, iyayenmu dattawa, malamanmu, wakilin Bulama, iyayenmu mata da ke can baya, 'yan'uwa matasa, muna yi wa kowa barka da zuwa. An ɗora wa kwamitinmu nauyin ya yi magana a kan tsaron unguwa, to ga mu. Muna roƙon afuwa tun yanzu, domin akwai maganar da za ta sosa wa wasunmu rai, har da mu masu faɗarta.

Jama'a, mutumin Maiduguri ba ya bukatar a karanta masa tarihin rashin tsaro, a jikinsa aka rubuta shi. Duk wanda ya yi wayo ya tuna watan Yuli na 2009, lokacin da garin nan ya kwashe kwanaki yana jin aman bindiga. Ya tuna 2011 da aka hana hawa babur, 'yan acaɓa suka watse. Ya tuna 14 ga watan Mayu na 2013 da Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, aka katse layukan waya, mutum ba ya iya jin lafiyar ɗan'uwansa da ke Gwange sai ya taka da ƙafa. Mu da muke zaune dab da hedkwatar 'yan sandan jiha kuwa, kusancin bai zame mana kwanciyar hankali ba a wancan lokacin, sai ma ƙarin fargaba.

Abin da muke so mu tuna wa juna shi ne yadda aka fita daga wannan hali. Soja na nan da tankoki, amma soja bai san ɗan wane ba, bai san wanda ya tare a gidan haya jiya da dare ba. A tsakiyar 2013 ne matasan unguwar Hausari suka ce ya isa haka. Sunan da aka fi ambata shi ne na Baba Lawan Jafar, wanda ya bi ɗan bindiga da sanda, ya kama shi, ya miƙa wa soja. Daga nan abin ya bazu unguwa-unguwa, aka sami abin da gwamnati ke kira Civilian JTF, mu kuma muke cewa Kato da Gora. Gwamna Kashim Shettima ya ɗauki wasunsu a ƙarƙashin shirin BOYES, aka ba su horo da kaki da alawus na naira 15,000 a wata. Ranar 14 ga Maris na 2014 da aka kai hari barikin Giwa, garin nan ya ga amfaninsu. Da yawa daga cikin yaran nan sun rasa rayukansu, Allah Ya jiƙansu.

To amma a lura da kyau. Gora ba ta fi bindiga ƙarfi ba, har abada. Abin da yaran nan suka fi soja da shi, sani ne. Sun san fuska, sun san gida, kuma sun daina tsoron faɗi. A ranar da unguwa ta buɗe baki, a ranar mai ɓuya ya rasa maɓoya. Wannan shi ne jarin da muka samu da tsada, kuma shi ne muke gani yana zubewa a hannunmu yau.

Me ya sa muka ce haka? Saboda ɓarnar da ke damunmu yanzu ba irin waccan ba ce. Yau kukan da ake kawo wa kwamiti shi ne an fizge waya a bakin titi bayan magariba, an haura katanga an kwance batirin sola, an yanke wayar lantarki, an cire injin ruwa, an kwashe awaki, an fasa shago an ɗebi taliya da mai. Tun da aka fasa turakun wutar lantarki a hanyar Damaturu a farkon 2021, garin nan ya daɗe cikin duhu, duk mai ɗan hali ya koma sola, ɓarayi kuma suka koma inda kaya suka koma. Daɗin daɗawa ga gungun yaran da ake kira 'yan Maliyan, waɗanda suka addabi gari har Gwamna Babagana Zulum ya ba da umarnin a murƙushe su a 2023, shekarar da kuma ya haramta sana'ar jari-bola a jihar. Sannan ambaliyar 10 ga Satumba na 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, ta nuna mana wani abu. Mutane na gudun ceton rai, wasu na bin gidajen da aka bari. A wannan ambaliya katangar gidan yari ta rushe, fursunoni 281 suka tsere, in ji hukumar gidajen yarin da kanta.

Yanzu ga maganar da ba ta da daɗi. Wanda ya san inda batirinka yake, ya san lokacin da kake fita asuba, ya san karen maƙwabci ba ya yi masa haushi, ba daga Damboa ya zo ba. A tsakaninmu yake. A da mun iya nuna ɗan wani da yatsa saboda rayukanmu na kan siraɗi. Yau da abin ya zama waya da akuya, kowa ya ja bakinsa ya tsuke. Uwa ta ga waya ta dubu ɗari a hannun yaron da ko aikin naira ɗari ba ya yi, ta ce Allah Ya sanya albarka. Uba ya ga ɗansa yana shigowa ƙarfe biyu na dare ido ja wur, ya juya ya ci gaba da barci. In an kama yaron kuwa, kafin gari ya waye an tara dattawa an nufi caji ofis neman alfarma. Mu kanmu 'yan kwamiti mun taɓa raka irin wannan tawaga, ba za mu ɓoye ba. Yaron da muka karɓo, ba a rufa wata biyu ba ya sake, kuma a gidan ɗaya daga cikin waɗanda suka je roƙon. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Haka kuma ɓarawo ba ya cin tagulla, ba ya cin batir. Sayarwa yake yi. Mu Hausawa a garin nan kasuwanci ne ya kawo kakanninmu, kuma har gobe da yawanmu a kasuwa muke, daga Monday Market zuwa Gamboru zuwa rumfunan gyaran waya. Saboda haka tambayar a kanmu take. In yaro ya kawo maka waya babu kwali babu rasit, ya ce ka ba da kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinta, ka san abin da ka saya. A dokar ƙasa, mai karɓar kayan sata da sani mai laifi ne, a shari'ar Musulunci ma malamanmu ga su nan zaune, ba sai mun yi musu shisshigi ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Bari mu juya ɗaya ɓangaren, wanda ya fi ba mu tsoro. Idan sata ta yi yawa, zuciya takan ɗebi mutane. Sai ka ji an ce "ɓarawo!" kafin a tambayi me ya sata, an rufe shi da duka. Wasu daga cikin matasanmu sun taso ne a zamanin yaƙi, sun saba ganin ana tsare mutum a shinge ana sa shi tsallen kwaɗo. Wancan zamanin daban ne, kuma ko a lokacin ba duk abin da aka yi ne abin alfahari ba. An yi ƙorafin cin zali, an sami wanda ya nuna abokin gabarsa don wata tsohuwar ƙullalliya. An sa ƙananan yara a shingaye, har sai da shugabannin Kato da Gora suka sa hannu a kan yarjejeniya da Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Satumba na 2017, aka sallami yara 833 a 2018, da wasu 894 a 2019. Sun gyara, kuma sun cancanci yabo a kan haka. Bai kamata mu da muke sintirin tsare awaki mu ɗauko abin da su suka ajiye ba.

Kuma idan akwai al'ummar da ya kamata ta ji tsoron hukuncin titi, to mu ne. Mu matafiya ne, babu garin da babu namu. Kun ji abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a ƙarshen watan Maris na 2025. Mafarauta ne 'yan Arewa, sun taso daga Fatakwal za su Kano yin sallah. 'Yan sintirin gari suka tare motarsu, suka ga bindigogin farauta, aka ce masu garkuwa da mutane ne. Mutum 16 aka kashe. Babu alƙali, babu shaida, babu wanda ya tsaya ya ji ta bakinsu. Waɗanda suka tare motar nan, su ma a ganinsu unguwarsu suke tsarewa. Duk ranar da muka ɗaga gora a kan baƙon da bai iya Hausa ko Barbarci sosai ba, don kawai an gan shi a lungu da dare, to mun ba wani hujjar ya yi wa ɗanmu haka a wani gari. Garin nan cike yake da 'yan gudun hijira daga Bama da Gwoza da Marte da sauransu. Rashin sanin fuskar mutum ba laifi ba ne a kansa.

Saboda haka ƙa'idar da kwamiti ke neman wannan taro ya amince da ita gajeriya ce: ɗan sintirinmu ido ne da kunne. Ya gani, ya busa usur, ya tsare in ya zama dole, ya miƙa wa 'yan sanda a daren ko da wayewar gari. Ba duka, ba ɗauri a jikin turke, ba aski, ba yawo da mutum a gari, ba ɗaukar hotonsa a watsa a WhatsApp. Doka ta yarda farar hula ya kama wanda ya gani yana aikata laifi, amma da sharaɗin ya miƙa shi ga hukuma ba tare da ɓata lokaci ba. Iyakarmu ke nan.

Mun san abin da wasu za su ce: mun miƙa, gobe mu gan shi yana yawo. Gaskiya ne hakan na faruwa. Amma mu tambayi kanmu, sau nawa mai kaya ya koma ya ba da bayani a rubuce? Sau nawa shaida ya je kotu? Ɗan sanda ba shi da ikon riƙe mutum sai abin da hali ya yi, tsarin mulki ya ba shi kwana ɗaya ko biyu ne ya kai shi gaban alƙali. Idan mai ƙara ya ce ya bar wa Allah, shaidu suka ɓace, dattawa suka zo biko, da me za a riƙe shi? Daga yau kwamiti zai riƙa raka duk mai ƙara, daga caji ofis har kotu, kuma za mu ajiye littafi mu rubuta rana da abin da aka sata da inda magana ta tsaya. Akwai kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a, wato P.C.R.C., wanda yake nan tun 1984, kuma dokar 'yan sanda ta 2020 ta tanadi kwamitocin tsaro na al'umma. Kujera ce da aka ajiye mana, mu ne ba ma zuwa mu zauna. Muna neman a zaɓi mutum biyu yau, ɗaya ya kasance mace. Iyayenmu mata su ne a gida da rana, su suka san yaron da ya canza abokai da gidan da ake shige da fice, amma sai mu zauna mu maza zalla muna shawarar tsaro.

Sai batun masu gidajen haya. Iyayenmu da suka zo Yerwa ba su sauka haka kawai ba. Kowane baƙo yana da fatoma, wato mai masaukinsa, wanda zai kai shi gaban Bulama ya ce wannan nawa ne, na tsaya masa. Bulama ya sanar da Lawan, magana ta hau har fadar Shehu in ta kama. Yau mai gida yana Kano ko Abuja, dillali ya karɓi kuɗin shekara ya miƙa makulli, shi ke nan. Muna roƙo, duk wanda zai ba da haya, ya kai sabon ɗan hayar wurin Bulama, a san sunansa da sana'arsa da wanda ya tsaya masa. Wannan kariya ce ga baƙon ma, domin wanda aka sani ba a yi masa ihun ɓarawo.

Wani abu kuma, kada mu mai da sintirin nan na Hausawa kaɗai. Layin da muke kwana, akwai Barebari, akwai Shuwa, akwai Babur da Margi, akwai Musulmi akwai Kirista. Ɓarawo ba ya tambayar yarenka kafin ya haura. Idan muka fito mu kaɗai da gora, maƙwabci zai ɗauka wata rundunar ƙabila muka kafa, kuma yana da hujja. Mun riga mun fara tuntuɓar shugabanninsu ta hannun Bulama, don a yi jadawali ɗaya, kowane dare a gauraya.

Game da ƙwaya, ba za mu tsawaita ba, kowa ya san lungunan da ake sayar da Tramol da wiwi. Kama mai sha ba ya ƙarar da komai matuƙar mai sayarwa na nan. Wanda ke tsoron a san shi ya faɗa, ya sami liman ko ɗaya daga cikinmu a keɓe, mu za mu kai wa hukumar N.D.L.E.A. ba tare da sunansa ya fito ba.

Saura kuɗi. Yaron da ya kwana a tsaye cikin sanyin hunturu yana bukatar tocila da batir da usur da ruwan shayi, kuma in muka bar shi hannu rabbana, wata rana shi ne zai fara karɓar na goro a hannun masu Keke. Kwamiti na ba da shawarar naira 500 a wata daga kowane gida, masu shago naira 1,000, zawarawa da marayu da 'yan gudun hijira an ɗauke musu. Ba za a sa yaron da bai kai shekara 18 a sintiri ba, kuma duk wanda zai shiga sai mahaifinsa ko maigidansa ya tsaya masa. Ma'aji zai karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a kowane taron wata, da baki, a gaban kowa. Fitilu uku na sola muke so mu fara kafawa a lungunan da aka fi kuka da su, kuma za mu ɗaure batirinsu a sama cikin keji, don mun koyi darasi.

Littafin rajista yana nan a kan teburin sakatare. Wanda zai yi sintiri ya rubuta sunansa da daren da ya fi masa sauƙi kafin ya fita. Shugaba, mun mai da magana gare ka, a jefa ƙuri'a a kan kuɗin da kuma mutum biyun nan.