In'ina: Natsuwa da Zaman Ƙungiya a Matsayin Taimako



Wannan lacca za ta yi bayani ne a kan in'ina, da kuma hanyoyi biyu da ake bi don sauƙaƙa wa manya masu fama da ita. Bahaushe mutum ne mai ba magana muhimmanci ƙwarai. Da gaisuwa ake auna tarbiyyar yaro, da iya zance kuma ake auna hankalin babba. Saboda haka wanda harshensa ke sarƙewa tun daga sallama yana ɗauke da nauyin da sauran jama'a ba su san da shi ba.

In'ina takan zo ta fuska uku. Akwai maimaita gaɓa, kamar a ce "ma-ma-malam". Akwai jan sauti, kamar "ssssannu". Akwai kuma toshewa, inda baki zai buɗe, mutum ya san sarai abin da zai faɗa, amma sautin ya ƙi fita. Yawanci takan fara ne tsakanin shekara 2 zuwa 5. Kimanin yara 5 cikin 100 sukan yi ta, amma wajen kashi uku cikin huɗu nasu sukan rabu da ita kafin su girma. Waɗanda ta zauna musu su ne kimanin mutum 1 cikin 100 na manya, maza kuma sun ninka mata wajen sau huɗu.

An daɗe ana laluben dalilinta. Wendell Johnson na Jami'ar Iowa a Amurka ya ɗora laifin a kan iyaye masu yawan gyara wa yaro magana, kuma wannan ra'ayi ya yi tashe shekaru da dama. Binciken baya ya rushe shi. A 2010 Dennis Drayna da abokan aikinsa sun gano wasu ƙwayoyin gado masu alaƙa da in'ina a cikin wata zuriya a Pakistan, a 2015 kuma suka gano wata a cikin wata babbar zuriya a Kamaru. Hotunan ƙwaƙwalwa su ma sun nuna bambanci a hanyoyin da ke tsara motsin gaɓoɓin furuci. Ke nan asalin abin a halitta yake. Bai shafi basira ba, kuma tsoro bai haifar da shi ba.

Amma fa tsoro shi ke ciyar da shi. Joseph Sheehan, masanin halayyar ɗan'adam wanda shi kansa mai in'ina ne, ya kwatanta ta da dutsen ƙanƙara a teku, wanda ɗan kansa kaɗai ke bisa ruwa. Da a Argungu ko Yawuri ya tashi, da dorina zai ce: kunnuwa da hanci ake gani, gangar jiki tana ƙasa. Abin da ke ƙasan shi ne kunya da fargaba da guje-guje. Ɗalibi ya san amsa, sai ya sunkuyar da kai. Ma'aikaci yana jin tarho na ƙara, sai ya bar wa masinja. Wani yakan musanya kalmar da yake tsoro da wata, har ya faɗi abin da bai nufa ba. Sunansa ne kaɗai ba shi da madadi, shi ya sa gabatar da kai a gaban kwamitin ɗaukar aiki ke zame masa tashin hankali. Duk lokacin da ya kauce, yakan sami sauƙi na ɗan lokaci, tsoron kuwa ya ƙara ƙarfi. Zafin zuciyar da ake yawan jingina wa masu in'ina, in an duba, sau da yawa takaicin wanda aka saba katsewa ne ana yi masa dariya.

Hanya ta farko ita ce halarto da hankali, wato mutum ya lura da abin da ke faruwa a jikinsa da zuciyarsa a daidai wannan lokaci, ba tare da ya yanke wa kansa hukunci ba. Tushenta a addinin Buda yake, amma Jon Kabat-Zinn ya mayar da ita darasin asibiti na mako 8 a Jami'ar Massachusetts a 1979. Mai sauraro Musulmi ba zai ji ta baƙuwa ba, domin ya san wuyar tattara zuciya a cikin salla, da yadda ake komo da ita duk sanda ta tafi yawo.

Yadda take aiki shi ne: mai koyo zai zauna minti 10 ko 20 kullum yana bin shigar numfashi da fitarsa. In tunani ya zo, kamar "gobe zan kunyata a taro", sai ya gane shi a matsayin tunani kawai, ya komo ga numfashi. Da ya saba, sai ya kai abin cikin magana. Idan toshewa ta zo, maimakon ya runtse ido ya danna da ƙarfi, sai ya lura inda ya ƙame, leɓe ne ko maƙogwaro ko ƙirji, ya sassauta wurin, ya bar sautin ya fita a hankali. Wannan ya dace da koyarwar Charles Van Riper, wanda ya ce a koya wa mutum yin in'ina cikin sauƙi maimakon kokawa da ita. Wani gwaji da aka buga a 2009 daga ƙasar Holan ya nuna raguwar damuwa da fargabar magana ga waɗanda suka yi darasin. Gwaje-gwajen irin wannan ƙanana ne, kuma abin da suka fi nunawa shi ne saukar tsoro. Duk wanda ya yi alkawarin warkarwa gaba ɗaya, a yi hattara da shi.

Hanya ta biyu ita ce zaman ƙungiya. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa. A 1977 masu in'ina suka kafa ƙungiyarsu a Kalifoniya, a 1978 aka kafa ta Ingila, tun 1998 kuma ake keɓe 22 ga Oktoba ta zama ranar in'ina ta duniya. A 2005 aka yi taron farko na Afirka a Duwala. Tsarin zaman mai sauƙi ne. Mutum 6 ko 10 sukan haɗu, kowa ya faɗi sunansa komai daɗewar da zai yi, ba mai katse shi, ba mai ƙarasa masa. A nan ake gwada buga tarho da amsa tambayoyin neman aiki, kowa kuma ya ɗauki wa kansa aiki guda na mako, alal misali ya yi ciniki da bakinsa a kasuwa, ya komo ya ba da labari. Natsuwa tana koya wa mutum tsayawa a cikin tsoro, ƙungiya kuma tana ba shi wurin gwadawa. Sai dai a lura, wannan na manya ne. Ƙaramin yaro ya fi bukatar a kai shi da wuri wajen ƙwararre a gyaran magana.

Sauran aikin yana wuyan masu sauraro. Malami ya sani cewa mai in'ina yakan yi waƙa ko karatun haɗin baki sumul, kamar yadda ake gani a makarantar allo, don haka sarƙewarsa idan shi kaɗai ne ba iya shege ba ce. Kada a ce masa "yi a hankali", kada a kau da ido, kada a ƙarasa masa kalma. Shugaban ma'aikata kuma ya auna abin da aka faɗa, ya bar lissafin daƙiƙoƙin da aka ɗauka wajen faɗarsa. Alƙur'ani a Suratu Ɗaha ya ba da labarin Annabi Musa, alaihissalam, yana roƙon a warware masa ƙullin harshe, a kuma ƙarfafa shi da ɗan'uwansa Haruna. Nauyin harshe bai hana a aike shi ga Fir'auna ba, kuma bai ji kunyar neman mataimaki ba.

Kafa irin wannan zama a jami'a ko ma'aikata ba ya bukatar kasafi. Ɗaki ɗaya da kujeru da sa'a guda a mako sun isa, in dai akwai mutum biyu da za su fara.

Allah ya sa a dace. Wassalam.