Mai son ƙaga waƙa, daga ina zai fara?



Samari da yawa suna tambayarmu a makarantun yaƙi da jahilci: wanda bai gaji kiɗa ba, yana iya ƙaga waƙa? Yana iyawa. Mamman Shata bai gaji waƙa ba, mahaifinsa ma bai so ba. Malam Mamman Barka malamin lakkol ne mai kaɗa gurmi. A shekarar 2002 ya tafi bakin tafkin Cadi, ya zauna gaban tsoho Bukar Tar, ya koyi biram, abin kiɗan Buduma mai tsirkiya 5, wanda ya kusa ɓacewa. Ya rasu a 2018, amma an ɗauki kiɗansa, ana jin sa har yau.

To, ku fara da amshi. Kada ku fara da baiti 20. Amshi layi ɗaya ne ko biyu, shi ne gindin waƙa. Ga misali: "Ruwa ya sauka, a ɗau sungumi." Ku faɗe shi kuna tafi, ku ƙidaya gaɓoɓinsa. Gaɓa 10 ne. Ku rubuta a kaye. Ku yi ta maimaita shi a hanyar gona har kari ya zauna masa. Sannan ku gwada shi a kan yara. In yaro ya ɗauka bayan ji 3, amshi ya yi. In bai ɗauka ba, ku rage kalmomi.

Nan ne wurin da sabon mai karatu yake faɗuwa, ku saurara da kyau. Takarda tana riƙe kalma, ba ta riƙe murya. Ku dubi allo, na rubuta "kuka". Icen kuka ne ko kukan jinjiri? Harufan ɗaya ne. A baki kuwa, na icen murya tana sauka a ƙarshe, na jinjirin ba ta sauka. Haka "gari" na mutane da "gari" na tuwo: na tuwon ana jan farkonsa. In karinku ya ja inda Hausa ba ta ja, za ku yi niyyar yabon gari mai sarki, jama'a su ji garin hatsi. Za a yi dariya, kuma ba irin dariyar da kuke so ba. Don haka ku faɗi layi da magana tukuna, ku ji inda murya take hawa da inda take sauka, kari ya bi ta nan.

Bayan amshi sai ɗiyan waƙa. Kowane ɗa ya ɗauki magana ɗaya, ya komo ga amshi. Ku auna tsawonsu da tafi.

Saura tsarin kiɗa, wato wa zai shiga, kuma yaushe. Kiɗa ya fara shi kaɗai, ƙafafun mutane su kama. Jagora ya kawo amshi, ƴan amshi su karɓa. Lokacin da jagora yake zuba magana, mai kalangu ya sassauta hannu. Ni dai na fi son ƙwarya ɗaya da tafin mata in ana jin kalmomi, da ganguna 4 da suka danne su. Gurmi da kalangu kada su yi ta magana tare, ɗaya ya ba ɗaya hanya.

Wanda yake da salula ya ɗauki muryarsa, don kari yana gudu cikin dare. Ku je ma wurin tsofaffin matan da suka san waƙoƙin daka da na niƙa, ku nemi izininsu, ku rubuta, ku ɗauka. Injin niƙa ya shigo ƙauyuka, ƴan mata da yawa ba su koyi waɗannan waƙoƙi ba.

Ranar Laraba kowa ya zo da amshi ɗaya a rubuce. Mata su zo da ƙwarya. Za mu gwada su ɗaya bayan ɗaya.