Koyar da Ƙwallo Ilmi Ne

(Jawabin da ɗaliban jami'a 'yan asalin ƙasar Illela suka gabatar a Darna Sabon Gari lokacin hutu, bayan sun dawo daga kwas na masu horar da 'yan wasa.)



 Maƙasudin tsayuwarmu a gabanku shi ne mu ba da bayanin abin da muka koyo a kwas ɗin horar da masu koyar da ƙwallon ƙafa da muka halarta a Sakkwato, domin wanda aka aika kasuwa bai kamata ya shige ɗaka da saƙo ba. Abin da muka dawo da shi a dunƙule shi ne, koyar da ƙwallo ilmi ne da ake zama a karanta, kamar yadda ake karanta aikin malanta ko na jinya, kuma rashin masu wannan ilmi shi ne babban abin da ke tauye yaranmu, fiye da rashin babban filin wasa.

Kowa a nan ya san yadda yamma take a garin nan. Da an sallame sallar la'asar, yara talatin ko fiye za su taru a fili su bi ƙwallo ɗaya, ƙura ta turnuƙe, babba ya ture ƙarami, har magariba ta raba su. To, ga lissafin da aka fara sa mu yi a ajin farko. In yara 30 suka yi awa ɗaya da ƙwallo ɗaya, rabon kowane yaro minti 2 ne kacal, shi ma in an yi adalci, alhali kuwa mun san masu ƙarfi ne ke cinye rabon raunana. Amma in aka raba su huɗu-huɗu a ƙananan filaye, watau yara 8 ga ƙwallo ɗaya, rabon kowa ya haura minti 7. Yaron da ke taɓa ƙwallo sau da yawa shi ke koyon tare ta, da miƙa ta, da ɗaga kai ya dubi abokin wasansa kafin ya buga. Saboda haka ne masana suka ce kada a sa yaro ɗan shekara goma cikin wasan goma sha ɗaya-goma sha ɗaya a filin manya, wanda tsawonsa ke kai mita 90 zuwa 120, da raga mai faɗin mita 7.32. Ko ita kanta ƙwallon tana da lamba: lamba 5 ta manya ce, mai nauyin giram 410 zuwa 450, yara kuwa lamba 3 ko 4 ta dace da ƙafarsu.

Abu na biyu, an koya mana cewa atisaye yana da tsari, kuma mai horarwa yakan rubuta shi a takarda tun kafin ya fito daga gida. Ana farawa da ɗumama jiki, sa'an nan a ɗauki fasaha guda ɗaya rak a koyar da ita a wannan rana, sa'an nan a gwada ta cikin ƙaramin wasa, daga ƙarshe a saki yara su yi wasansu. Mai horarwa na kirki ba ya cika surutu, ba ya zagi, ba ya kuma riƙe bulala. Yakan busa usur ya tsayar da wasa, ya tambayi yaro, “Da ka sami ƙwallon nan, wa ka gani a hagunka?” Ta haka yaro ke koyon tunani da kansa, domin ranar gasa ba mai shiga fili ya yi masa tunani.

Abu na uku shi ne wanda ya fi shafar iyayenmu, watau lafiyar yaro. Ƙasarmu ƙasar zafi ce, a watan Afrilu da Mayu zafin kan wuce digiri 40. Akwai wata tsohuwar al'ada ta hana ɗan wasa shan ruwa wai don ya yi ƙwari. Wannan kuskure ne mai iya kai yaro kabari. Ko a gasar cin kofin duniya da aka yi a Brazil cikin 2014, alƙalin wasa ya tsayar da manyan 'yan wasan Holan da Meziko don su sha ruwa su huce, to ina ga ɗan firamare a ranar bazara? Haka kuma an nuna mana wani tsarin ɗumama jiki na kimanin minti 20 da hukumar FIFA ta fitar, mai suna 11+, wanda bincike ya nuna yana rage raunin gwiwa da na idon sawu, ba ya kuma bukatar kayan aiki masu tsada. An koya mana bambance targaɗe da karaya, da cewa yaron da ya bugu a kai ya ji jiri dole a fitar da shi, kada ya koma wasa a ranar ko da ya rantse ya warke. Manyanmu ba su manta da Samuel Okwaraji ba, wanda ya faɗi ya rasu a filin wasa na Surulere a Legas ranar 12 ga Agusta, 1989, ana cikin wasa da Angola. Tun daga irin wannan rashi ne aka ƙara gane muhimmancin duba zuciyar ɗan wasa. Yaron da ke suma ko ke kukan ciwon ƙirji in ya yi gudu, asibiti ya kamata a kai shi kafin a sake ba shi riga.

Wani zai ce, duk wannan ai sai Turawa. Tarihi bai goyi bayan wannan magana ba. Gaskiya ne ɗan Brazil, Otto Gloria, shi ya horar da ƙungiyar da ta ci wa Nijeriya kofin Afirka na farko cikin 1980, kuma ɗan Holan, Clemens Westerhof, ya ciyo na 1994. Amma sau biyar Nijeriya ta ci kofin duniya na yara, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, kuma duk sau biyar ɗin 'yan ƙasa ne suka horar da yaran. Na 2013 Manu Garba ne, mutumin Gombe. A cikin shekarar nan dai Stephen Keshi ya ɗauko kofin Afirka a Afirka ta Kudu. In muka leƙa ƙetaren iyaka wajen 'yan'uwanmu na Nijar, Harouna Doula ne ya kai ƙungiyar Mena gasar kofin Afirka ta 2012, karo na farko a tarihin ƙasar, a rukunin da ke da Masar da Afirka ta Kudu, har hukumar ƙwallon Afirka ta ba shi lambar gwarzon mai horarwa ta 2011. A nan gida kuma, Shehu Abdullahi haifaffen Sakkwato ne; ya yi wa Kano Pillars wasa, ya sami lambar tagulla a wasannin Olamfik na Rio cikin 2016, ya kuma je gasar kofin duniya a Rasha cikin 2018. Ƙasar da ta fitar da shi ba ta ƙare da masu baiwa ba. Tambayar ita ce, yara nawa irinsa ne suka girma a Darna ko Kalmalo ko Araba, ba wanda ya taɓa nuna musu yadda ake tare ƙwallo da cikin ƙafa?

Yanzu sai mu zo ga maganar amana, wadda malamanmu na kwas suka fi daɗewa a kanta. Na farko, shekaru. Rage wa yaro shekaru don a ci kofi ƙarya ce, kuma ƙasarmu ta taɓa ɗanɗana kuɗarta: cikin 1989 FIFA ta dakatar da Nijeriya shekara biyu daga gasannin matasa saboda saɓanin ranakun haihuwa a takardun wasu 'yan wasa. Daga 2009 kuma aka fara ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu da na'ura don tantance shekarun yara a gasar duniya. Mai horarwar da ya sa ƙato ɗan shekara ashirin cikin 'yan sha biyar ya zalunci yaron da aka bari a benci, ya kuma koya wa sauran cewa da maguɗi ake cin nasara.

Na biyu, kuma wannan ya shafe mu musamman mu mazauna bakin iyaka. Hanyar da ta ratsa Illela ta shiga Birnin Ƙonni ita ce ke miƙewa zuwa Tawa da Agadas, daga can sai hamada. Akwai masu yawo suna kiran kansu dillalan 'yan wasa, suna karɓar kuɗin iyaye da alkawarin kai yaro Turai. Ya iyayenmu, ku sani dokar FIFA ta hana a sayar da ɗan wasan da bai kai shekara 18 ba zuwa wata ƙasa, sai da wasu 'yan sharuɗɗa ƙalilan. Ƙungiyar gaskiya in tana son yaro takan aiko da takarda a rubuce, ba ta kuma cewa uba ya sayar da sa ko gona. Duk wanda ya zo da irin wannan zance, a kai maganarsa gaban mai gari da shugaban makaranta kafin a ba shi ko sisi. Mai horarwa mai ilmi shi ne katangar farko tsakanin yaro da irin waɗannan mutane.

To, me muka yi niyya? A wannan hutu za mu riƙa fitowa fili kwana uku a mako bayan la'asar, mu raba yara gwargwadon shekarunsu, mu tashi kafin kiran magariba. Za mu buɗe rajista da sunan kowane yaro da ajinsa, kuma wanda bai je makarantar boko ko ta allo ba a ranar, ba zai taɓa ƙwallo ba. Ranar Lahadi ba atisaye, don yara su taya iyayensu hidimar kasuwar Illela. In damina ta sauka kuwa, gona ce gaba. Amma hutu gajere ne, za mu koma karatu. Don haka babban burinmu shi ne mu zauna da malaman firamare da samarin da ke riƙe da ƙungiyoyin unguwa, mu miƙa musu takardun da muka zo da su, don aikin ya ci gaba bayan tafiyarmu. Wanda ya ga yana da sha'awar zurfafawa, hanya a buɗe take: akwai takardun shaidar koyarwa na hukumar ƙwallon Afirka, ana farawa daga matakin D, a hau C da B har zuwa A, akwai kuma Cibiyar Wasanni ta Ƙasa a Surulere, wadda ke horar da masu koyarwa tun shekarun 1970.

Roƙonmu ga mai gari da dattawa shi ne a keɓe mana fili ɗaya a kafa masa iyaka, kada wata rana a wayi gari an yanka shi fuloti. Ga 'yan kasuwarmu, ƙwallo shida da randar ruwa biyu da akwatin taimakon gaggawa sun isa mu fara. Ga 'yan'uwanmu ɗalibai da ke karanta wannan mujalla kuwa, daga kowace ƙaramar hukuma kuke, in an buɗe irin wannan kwas ku shiga, ku kuma kai abin da kuka samu garuruwanku. Da kuɗin talakawa aka gina jami'o'in da muke karatu a cikinsu, wannan kuwa hanya ce mai sauƙi ta fara biyan bashi. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ga ƙannenmu nan zaune a gaba suna jira.

Atisayen farko jibi ne bayan la'asar, a filin makarantar firamare, muna kuma gayyatar iyaye su zo su gani da idonsu. Allah ya ja zamanin mai gari, ya raya mana yaranmu, ya ba ƙasashenmu biyu zaman lafiya.