Yawon Buɗe Ido a Ƙasar Ƙanƙara: Haƙƙin Baƙo da Haƙƙin Ƙasa



Can ƙuryar arewacin duniya akwai wani irin fili da masana ke kira tundura, watau ƙasar da sanyi ya hana itatuwa tsayi, ƙarƙashinta kuwa daskare yake rani da damina. Misalin da za a ɗauka a wannan lacca shi ne tsibiran Svalbard, waɗanda yarjejeniyar Faris ta 1920 ta danƙa wa Norwe. Babban garinsu, Longyearbyen, haƙar kwal ce ta kafa shi a 1906, daga baya sai baƙi masu yawon buɗe ido suka zama ginshiƙin arzikinsa.

To, me baƙo ke zuwa nema? Daga wajen ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Agusta rana ba ta faɗuwa, saboda haka akan yi tafiyar ƙasa a kan duwatsu, a shiga ƙananan jiragen ruwa a kewaya gaɓa ana kallon tsuntsaye. Daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Fabrairu kuwa rana ba ta fitowa sam. A cikin wannan duhu ne ake hawa keken da karnuka ke ja bisa ƙanƙara, a fita kallon koren hasken nan da kan yi rawa a sararin sama.

Amma fa Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Farin beyar, wanda aka hana farautarsa tun 1973, shi ne sarkin wannan jeji. Doka ta wajabta wa duk mai fita bayan gari ya riƙe abin korarsa, ja-gorori kuma ba su rabuwa da bindiga. A watan Agusta na 2011 beyar ya faɗa wa sansanin wasu ɗalibai daga Ingila, ya halaka ɗaya.

Daɗa ita ma ƙasar tana da abin tsoro daga baƙo. Tsiron da ke shimfiɗe a kanta ba ya samun fiye da 'yan makwanni na girma a shekara, don haka sawun taya ɗaya kan yi shekaru masu yawa bai ɓace ba. Bisa ga haka ne Norwe ta tsaurara dokoki a farkon 2025: ba a kusantar beyar ƙasa da mita 300, jirgin da zai shiga wuraren da aka keɓe kuma kada fasinjojinsa su wuce 200.

Darasin da ɗalibi da ma'aikacin hukuma za su ɗauka shi ne, ƙasar da ke cin abinci da baƙi, in ba ta yi musu iyaka ba, ƙafarsu ce za ta tattake abin da ya kawo su. Allah ya sa a amfana.