Tsakar Gida Ce Makarantar Farko

Shugaban reshe, iyayenmu malamai da suka ajiye alli, 'yan'uwa malamai maza da mata, da iyalanmu da suka halarta, ina gaishe ku gaisuwar girmamawa.

An nemi in yi magana a kan ƙuruciya da tarbiyya. Ina cikin yaran da aka kwasa zuwa firamare a shekarar 1976, lokacin da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE. A garinmu azuzuwa ba su isa ba, wasunmu a gindin darbejiya suka fara koyon baƙi da wasali. Sai dai kafin wannan rana mun riga mun yi shekara shida a wata makarantar da ba ta da rajista ko ƙararrawa, wato tsakar gida.

Darasinta na farko a bakin akushi ake ɗaukarsa. Mu biyar muke zagaye tuwo ɗaya. Ƙarami ba ya riga babba sa hannu, babba kuma shi yake fara tsame hannu ya bar wa ƙarami saura. Da haka muka san cewa girma yana tafe da haƙƙi. Darasi na biyu aike ne. Idan aka ba ka kwabo goma ka sayo daddawa, canjin da ka dawo da shi shi ne jarrabawarka ta amana. Na uku yakan zo bayan sallar isha'i, lokacin da kaka take shimfiɗa tabarma ta ɗauko labarin Gizo da Ƙoƙi. Muna dariyar wayon Gizo, muna kuma ganin inda haɗama take kai mai ita. Shi ya sa da aka miƙa mana Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam a aji, ba mu ji baƙunta ba, domin kunnenmu ya riga ya saba da labari mai ɗauke da hikima.

Ba ina cewa wancan zamani ba shi da aibi ba ne. Ƙyanda ta ɗauke mana abokan wasa, kuma 'yan matan da suka fi mu ƙoƙari a aji an cire da yawansu kafin su gama aji shida. Waɗannan ba abin kewa ba ne. Abin da nake kewa shi ne lokacin da manya suke ware wa yara.

Ya ku 'yan'uwa, mu dubi gidajenmu. Malami yakan wuni yana gyara 'ya'yan mutane, ya dawo da tarin littattafan da zai duba, wani ma ya wuce neman abin cefane. Da dare uba yana kan waya, uwa tana kan waya, yaro ma ya sami tasa. Wa ya gaji tabarmar kaka? Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma mu da muke karɓar yara a aji ɗaya mun fi kowa sanin bambancin wanda aka zauna da shi a gida da wanda aka bar wa titi.

Roƙona ɗaya ne, kuma ba ya cin ko sisi. Kowannenmu ya ware rabin sa'a bayan isha'i, a ajiye waya, a ci abinci a kwano ɗaya, a tambayi yaro yadda ya wuni, a ba shi labarin kakanninsa da sana'ar gidansu.

Burina shi ne jikanyata ta yi karatun da aka hana yayyenmu mata, ta kai inda ƙwazonta ya kai ta, tana kuma durƙusawa ta gaida na gaba da ita, tana mayar da canji cikakke. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya jiƙan iyayen da suka rene mu.