IDAN AN DANNE MAKA HAKKI A WURIN AIKI

Jawabin da aka gabatar a taron dattawa da shugabannin ƙungiyoyin ikilisiya



An ba ni in yi magana a kan abin da mai bi zai yi idan an danne masa hakki a wurin aiki. Bari in fara da labarin wani ɗan'uwa. Ya yi shekara bakwai yana gadi a wani kamfani. Wata safiya aka ce ya ajiye kayan aiki ya tafi, da baki kawai, alhali yana bin su albashin wata uku. Ya kawo kuka wurin dattawa, aka yi addu'a, aka ce ya bar wa Allah. Sai bayan shekara biyu, da aka koro 'ya'yansa daga makaranta, aka kawo shi wurina. Na tambayi takardar ɗaukar aiki, babu. Katin shaida, ya mayar musu. Abokan aikinsa duk sun watse. Addu'ar da aka yi daidai ce. Kuskurenmu shi ne mun tsaya a nan.

Da yawa cikinmu suna ganin kai ƙara rashin bangaskiya ne, suna kafa hujja da 1 Korintiyawa sura 6. Amma a can Manzo Bulus yana tsawata wa masu bi ne da ke jan junansu gaban alƙalai, maimakon su sasanta a cikin ikilisiya. Shi kansa Bulus, da za a yi masa bulala a Urushalima, ya tuna wa jarumin soja cewa shi ɗan ƙasar Roma ne, daga baya kuma ya ɗaukaka ƙara zuwa ga Kaisar. Ku duba Ayyukan Manzanni sura 22 da 25. Neman hakki ta hanyar doka dabam, ramuwa dabam.

To, me dokar Nijeriya ta ce? Dokar Ƙwadago ta wajabta wa mai aiki ya ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aiki kafin a wuce wata uku da farawa. Idan za a sallame ka, akwai notis: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa biyar, wata ɗaya ga mai shekara biyar ko fiye. Ana iya biyan kuɗi a madadin notis. Ɗan'uwan nan namu ya cancanci notis na wata guda, ban da bashinsa. Wannan doka ta fi shafar leburori, masu gadi, direbobi da akawu. Manyan ma'aikata sun fi dogara da abin da ke cikin takardar yarjejeniyarsu. A shekarar 2024 an mai da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000, sai dai bai hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Wanda ya ji rauni a bakin aiki kuwa, dokar biyan diyya ta 2010 ta ce ya sanar da mai aikin cikin kwana 14.

Ga matakan da nake ba da shawara a bi.

Na ɗaya, ku adana takardu tun ana zaman lafiya: takardar ɗauka, takardar albashi, saƙon banki, takardar tuhuma da amsarta. Ku yi hoton kowace ku ajiye a gida. Kada ku sa hannu a abin da ba ku karanta ba, musamman takardar da ke cewa ku ne kuka ajiye aiki da kanku.

Na biyu, ku rubuta koke ga shugaban wurin cikin ladabi, da kwanan wata, ku riƙe kwafi. In akwai ƙungiyar ƙwadago, ku sanar da ita.

Na uku, in ba a saurare ku ba, akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a jiha, inda jami'i kan kira ɓangarorin biyu a sasanta. Akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975, ba a biyan ko kwabo, amma tana son a kawo ƙorafi cikin wata 12. Akwai kuma Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi, tun 1976, domin marasa ƙarfi.

Na huɗu shi ne kotu. Tun gyaran tsarin mulki na 2010, shari'ar aiki ta koma hannun Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke zama a Abuja, Kano, Kaduna, Jos da wasu biranen. Tana da sashen sulhu. Kafin lauya ya fara aiki, ku yi maganar kuɗinsa a rubuce. Kada ku jinkirta, gama shari'a tana da wa'adi, shaidu kuma suna watsewa.

Akwai abin da ya shafe mu musamman, mu da ba mu da yawa a garuruwanmu. Sashe na 38 na tsarin mulki ya ba kowa 'yancin addini, sashe na 42 ya hana wariya, kotun nan kuma tana sauraron ƙarar wariya a wurin aiki. In an hana ka ƙarin girma saboda sunanka ko bangaskiyarka, rubuta wanda ya faɗa, da ranar, da waɗanda suka ji. Amma ina roƙonku, kada mu mai da kowace kora maganar addini. In ka saba makara, gyara halinka. Sau da yawa abokin aikinka Musulmi ne zai tsaya ya yi maka shaida, kada ka ɓata wannan zumunci.

A ƙarshe, dattawa, mu ma masu ɗaukar ma'aikata ne. Malaman makarantunmu, mai gadin majami'a, yarinyar da ke aiki a gidanmu, nawa ne suke da takarda? Nawa ne ake biya a kan lokaci? Wasiƙar Yakubu sura 5 ta yi kashedi mai zafi ga masu riƙe ladan ma'aikata. Ina ba da shawara kowace ikilisiya ta zaɓi mutum biyu ko uku masu ilimi, waɗanda za su taya 'yan'uwa rubuta koke, su raka su ofis. Mu yi addu'a tare da su ranar Lahadi, ranar Litinin kuma mu raka su.

Ubangiji ya ba mu hikima.