Madannai Goma Sha Biyu, Baƙaƙe Arba'in da Huɗu



Abin da muka zo tattaunawa a yau shi ne yadda mutanen ƙasar Tailan suka yi fama da rubuta saƙon tes cikin harshensu a ƙaramar wayar nan mai madanni. Wani zai ce ina ruwanmu da Tailan, to amma in an yi haƙuri za a ga inda zancen ya shafe mu.

Kowa a nan ya san irin wannan waya. Madannanta 12 ne, an kuwa zuba haruffan Turanci 26 a kan takwas daga cikinsu, watau uku-uku ko huɗu-huɗu. Mai son ya rubuta "s" sai ya danna lamba 7 sau huɗu, iyakar wahalarsa ke nan. To, rubutun Tai, wanda bisa al'ada ake danganta ƙirƙirarsa ga Sarki Ramkamheng a shekarar 1283, baƙaƙensa kaɗai 44 ne. In aka raba su a kan madannai takwas, kowane madanni zai ɗauki biyar ko shida, ba a ma zo kan wasula ba tukuna. Su kuwa wasulan, wani a gaban baƙi yake zama, wani a bayansa, wani a bisa, wani a ƙarƙashi. Akwai ma guda biyar da ake fara rubuta su kafin baƙin, alhali a baki bayan baƙin ake furta su.

Bugu da ƙari, Tai harshe ne mai karin sauti, kamar Hausa, sai dai su suna nuna shi a rubuce da alamomi huɗu. Alal misali, kalmar da ake furtawa "kao": in ba alama, ma'anarta "fari", da alama ta farko ta zama "labari", da ta biyu kuwa ta koma "shinkafa". Ashe wanda gajiya ta sa ya tsallake alama ɗaya, yana iya aika a sayo shinkafa a tsaya ana tambayarsa wane labari.

Wahalar ba ta tsaya a yatsa ba, har aljihu ta taɓa. Tsarin saƙon tes, wanda aka fara aikawa da shi a Ingila cikin Disamba 1992, yana ɗaukar haruffa 160 in da baƙaƙen Turawan Yamma aka rubuta. In da Tai ne, 70 kawai yake ɗauka, kuma kowane wasali da kowace alama a matsayin harafi guda ake lissafa su. Saboda haka waɗansu matasa suka riƙa rubuta harshensu da haruffan Turanci, abin da suke kira "yaren karaoke", inda karin sauti yake ɓacewa ɗungum. Wata dabarar kuwa ta zauna har yau: da yake sunan lamba 5 a harshensu "ha" ne, in za su yi dariya sai su rubuta 555.

Wannan ba shi ne karo na farko da na'ura ta matse rubutunsu ba. A shekarar 1892, wani Ba'amurke mai suna Edwin McFarland ya haɗa keken rubutu na farko na harshen Tai. Da madannai suka kasa, sai ya bar baƙaƙe biyu waɗanda dama ba a cika amfani da su ba. Sannu a hankali suka fita daga rubutun yau da kullum, ko da yake har yanzu ana ƙidaya su cikin 44 ɗin. Amma da zamanin wayar salula ya zo, jama'a ba su saki rubutunsu ba. Wayoyi masu ɗauke da haruffan Tai suka cika kasuwanninsu, mutane suka jure danne-dannen, kuma a yau da nasu baƙaƙen suke aika saƙo a manyan wayoyi.

'Yan'uwa, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Mu baƙaƙe masu lanƙwasa uku kacal gare mu, ɓ da ɗ da ƙ, sai ƴ da ake rubutawa a Nijar. Babu su cikin haruffan da tsarin 160 ya sani, shigar ɗaya daga cikinsu ma tana mayar da saƙo kan ma'aunin 70. Haka muka saba rubuta "kafa" muna nufin ƙafa, da "kasa" muna nufin ƙasa. Yanzu kuwa da manyan wayoyi suke da allon rubutun Hausa, uzurin ya ragu ƙwarai, amma sabon bai bar mu ba.

Saboda haka muna kira ga wannan ƙungiya da ta fara daga kanta: kowace sanarwa, kowane saƙo, kowane shafi na mujallarmu ya fito da lanƙwasarsa cif. In ɗaliban jami'a ba su kula ba, yaran da ke koyon karatu a bayanmu za su taso suna zaton baƙaƙen nan ado ne kawai.